Daga Katin Toyota Zuwa Trello: Tarihin Manhajojin Tsara Aiki

Duk wanda ya taɓa buɗe Trello ko Jira a wayarsa ya ga allon nan mai layi uku: aikin da za a yi, wanda ake kan yi, da wanda aka gama. Kana jan kati daga wannan layi kana kai shi wancan. To, wannan katin ya girmi wayar hannunka nesa ba kusa ba.

Asalinsa daga kamfanin motoci na Toyota ne a Japan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Lokacin kamfanin ba shi da kuɗin jibge kaya a sito. Wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya ɗauki darasi daga manyan kantunan Amurka, inda ba a ƙaro kaya sai an saye na kan kanta. Sai ya fito da tsarin kati da ake kira kanban. Idan wani sashe ya cinye kayan da ke cikin akwati, sai katin akwatin ya koma wurin masu ƙerawa, shi ne izinin ƙera wasu. Babu kati, babu ƙira.

Su kuwa masu haɗa manhaja tasu matsalar daban ce. A da sai a rubuta tulin takardun tsari, a shafe shekara ɗaya ko biyu ana aiki, ranar da aka kai wa mai kaya ya ce ai ba haka yake nufi ba. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah a Amurka, suka fitar da sanarwar da ta kafa tsarin Agile: a yi aiki kaɗan-kaɗan, ana nuna wa mai kaya, ana gyarawa. Abu na farko da suka rubuta shi ne mutane da tattaunawarsu sun fi tsari da kayan aiki muhimmanci. Shi ya sa da yawansu katin takarda kawai suke liƙawa a bango.

Amma bango ba ya tafiya. Idan abokin aikinka yana wata ƙasa, yaya zai ga katin? Nan manhajoji suka shigo. A 2002 kamfanin Atlassian na birnin Sydney a Ostareliya ya fitar da Jira, wadda da farko aikinta bibiyar kurakuran manhaja ne. A 2009 ya sayi GreenHopper, wadda ta sa mata allon kati. A 2011 kamfanin Fog Creek na New York ya fitar da Trello mai sauƙin da ko ba ka iya rubuta manhaja ba za ka sarrafa ta. A 2017 Atlassian ya saye ta a kan dala miliyan 425.

Sai dai an yi asarar wani abu a hanya. A Toyota katunan ƙidayayyu ne, bango ma yana cika. A manhaja kuwa kati kyauta ne, sai ka ga allo da kati ɗari uku, ashirin an fara, babu ɗaya da aka gama. Siton da Ohno ya guda ya dawo cikin waya. Wannan ne David Anderson ya nemi magancewa tun daga aikinsa da wata tawagar Microsoft a 2004: a ƙayyade yawan aikin da ake riƙe da shi a lokaci guda.

Don haka idan za ku buɗe allo, kai da abokan aikinka, ku fara yanke shawara: kati nawa layin tsakiya zai ɗauka? Ko biyu ne ko uku, kada a ɗauko sabo sai an gama ɗaya.

Ku wacce manhaja kuke amfani da ita?