Daga Majigi zuwa Shaihu Umar: Kyamara da Murya a Tarihin Kallo a Zazzau

Mutanen cikin birnin Zariya sun fara sanin hoto mai motsi ne a fili, a sararin Allah. A zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959, motar majigi takan zo da almuru, a kafa farin ƙyalle, a ta da inji, jama'a su taru kyauta. Gidajen silima na kuɗi kuwa can suke bayan ganuwa, wajen Sabon Gari. Wannan rabuwa ta wuri ta zo da rabuwa ta salo, kuma ita ce abin da za mu duba a nan.

Finafinan majigi suna da ƙa'idar da aka gina su a kanta. William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya a Legas wanda ya shugabanci Sashen Fim na Mulkin Mallaka da aka kafa a 1939, ya yi imani cewa ɗan Afirka ba zai fahimci dabarun kyamara ba. Saboda haka ya shar'anta cewa kyamara ta tsaya wuri guda, kada a yawaita kusanto da fuska ko wani ƙaramin abu, kada a tsallake lokaci wajen haɗa hotuna. In mutum zai fita daga ɗaki, sai an nuna tashinsa da tafiyarsa da fitarsa. Akwai labarin da suke yawan kafa hujja da shi, wai an nuna sauro ya cika allo, sai masu kallo suka ce nasu sauron bai kai wannan girma ba, watau maganar ba ta shafe su ba.

To, duk wanda ya san aikin fim ya san cewa waɗannan abubuwa da aka hana su ne ke sa zuciya ta motsa. Kusanto da fuska shi ke sa mai kallo ya ji tausayi, gajerun yanka masu bin juna da sauri su ke kawo fargaba. Da aka ɗaure kyamara, sai nauyin ya koma kan sauti. Mai sharhi ne, riƙe da lasifika, yake yi wa hoton fassara da Hausa nan take, ya sa raha inda ya ga dama, ya ja murya inda yake son a yi tsit. Fim ɗaya zai iya zama abin dariya yau, gobe ya zama gargaɗi, gwargwadon bakin da ya raka shi. A ganina ba a ba wa waɗannan mutane haƙƙinsu ba a tarihin adabin baka, domin aikinsu ɗan'uwan na mai tatsuniya ne.

Hujjar Sellers ba ta daɗe ba ta rushe. Tun daga shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya, kuma Hausawa suka bi Mother India na 1957 da ire-irensa sarai, da waiwayensu da mafarkansu da waƙoƙinsu, ba tare da sun ji harshen ba.

A Zariya kuma aka shuka irin amsar da ta fi ƙarfi. Hukumar Talifi ta nan garin, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubutu a 1933, wadda ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Ginin labarin kansa waiwaye ne: malami na zaune cikin almajiransa yana ba su tarihinsa, daga Kagara zuwa ƙasar Larabawa, da yadda mahaifiyarsa ta faɗa bauta wajen nemansa. Wannan tsallake lokaci shi ne ainihin abin da aka ce Bahaushe ba zai gane ba. Fim ɗin yana tafiya a hankali, har ya haura sa'o'i biyu, amma jinkirin nan na natsuwar zauren karatu ne, inda ba a katse malami. Muryar da a da take tsaye a gefen ƙyalle ta shiga cikin hoton, ta zama ta mai labarin, ita ke buɗe kowane zango na baƙin ciki kafin ido ya gan shi.

Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama. A 2016 aka gano faifansa a wata tsohuwar ma'ajiyar fim a Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.