Daga Lanho zuwa Buhun Siminti: Wa Ke Taɓa Kuɗin Ginin Ɗan Cirani?

Ƴan uwa ɗalibai, tun da aka shiga 2026 wata magana ke yawo a wayoyinmu: wai Amurka ta sa haraji a kan kuɗin da baƙi ke aikowa gida. Gaskiya ne, sai dai an ƙara mata gishiri. Dokar da Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ɗora kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka aika waje, daga 1 ga Janairu 2026, in mai aikawa tsabar kuɗi ya miƙa a hannu. In daga asusun banki ko katin bankin Amurka suka fita, ba a taɓa su. Da farko kashi 5 aka nema, majalisar wakilai ta mai da shi 3.5, aka dire a 1. Ke nan ɗan Nijar da ke Greensboro ko Niyok, in ya aiko dala 10,000 a yi rufin gida (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba), dala 100 ce za ta tsaya hannun gwamnatin can.

Ni da nake karatun tarihi, abin da ya ja hankalina shi ne yadda muke kallon wannan kamar sabon abu. Hannun hukuma bai taɓa barin aljihun ɗan cirani ba. Wuri kawai yake sakewa, kuma sau da yawa ba ya amsa sunan haraji. Kai, asalin fitar ma, ba gini ne ya fara fitar da kakanninmu ba. Lanho ne.

Lokacin da Faransawa suka kafa mulkinsu a nan, daga 1900, suna Damagaram kafin su mai da babban birni Yamai a 1926, sun tarar da mutane na biyan sarakuna da hatsi, da dabbobi, da wuri. Su kuwa ba wuri suke so ba. Kaɗan da kaɗan suka tilasta a biya harajin kai da kuɗinsu na faran. Mai gari ya tara, ya kai wa sarki, sarki ya kai wa kumandan, a yanka masa ladan tarawa. Makiyayi kuma ga jangali a kan kowace saniya. To manomin Adar da ke da rumbu biyu na hatsi, ina zai ga faran? Ko ya sayar da hatsin da arha lokacin kaka, ko ya aika ɗansa inda ake biyan lada da kuɗi. Ga kuma aikin tilas, wanda ba a soke ba sai Afrilu 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, gujiya ta yi kasuwa, ana haƙar kuza a Jos, koko na son leburori a Gwalkwas. Samari suka bi hanya, wasu Kano, wasu Kurmi, a sauka zangon Kumasi ko Akkara.

Kakana ya taɓa ba mu labarin yadda suke lissafi a lokacin. Ya ce: «Mu da munka tahi Kurmi, abu ukku ad da kai: kuɗin lanho na gida duka, tufahin uwa da uba, sannan sadaki. In ka samu ukkun nan, ka yi arziki.» Na tambaye shi gida fa? Dariya ya yi. Gida a wancan zamani ba kuɗi yake ci ba. Bayan an gama kaka a kwaɓa laka, a yi tubali, a kira gayya, a sari azara, mata su jawo ruwa, a dafa abinci. Wanda ya ga fim ɗin Jean Rouch mai suna Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, zai tuna samarin nan uku, Damouré Zika da Lam da Illo, da suka tafi Gwalkwas. Da suka komo, raba tsarabar suka yi ga dangi har suka koma yadda suka fita. Ba wanda ya sayi buhun siminti a cikinsu. Harajin da ɗan Kurmi ya sani a hanyar komowa shi ne na duwan, a kan turamen atamfa da keke da akwati, shi ya sa da yawa suka gwammace su bi ta daji.

Bayan ƴancin kai abin ya sake kama. Kowace ƙasa ta yi kuɗinta da iyakarta. Gana ta kafa dokar hana fitar da kuɗi ba izini a 1961, ta fito da sidi a 1965, kuɗin da ba ya sayen komai a kasuwar Tawa. Ɗan cirani dole ya mai da guminsa goro ko atamfa, ko ya bi ta hannun ƴan canji su yanki nasu. Sannan a Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita. Mutanen da suka shekara ashirin a Kumasi suka sayar da rumfa da gida a farashin wulaƙanci, wasu ma suka bar su haka nan. Ba a kira wannan haraji ba. Amma a nuna mini harajin da ya taɓa cin dukiyar ɗan Nijar kamar makon nan biyu.

A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom na Arlit suka shigo, gwamnatin Seyni Kountché ta soke lanhon kai na ƙasa, aka bar na gunduma. A ganina, nan ne maƙasudin cirani ya juya. Abin da ya fitar da kakanni ya yi sauƙi, amma fitar ba ta tsaya ba, don fari na 1973 ya riga ya karya rumbuna, kuma idon mutane ya buɗe da wani irin gida. Masana'antar siminti ta Malbaza na aiki tun shekarun 1960, ma'aikatan gwamnati da alhazan Maraɗi sun fara gini da siminti da kwano. Gidan da a da gayya ke tayarwa cikin kwana goma ya koma abin da ake tara wa kuɗi shekara biyar, shekara goma. Kuma duk kuɗin da zai daɗe a ajiye, ya shiga haɗari.

Ƴan Maraɗi da Damagaram sun ga haka da idonsu. A farkon 1983 Najeriya ta Shagari ta kori baƙi marasa takardu. A Afrilu 1984 gwamnatin Buhari ta sake launin naira, ta ba da kwanaki kaɗan a yi canji a bankunan cikin ƙasa, ta kuma rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986. Wanda ya kawo nairarsa gida ya ɓoye a tukunya, yana jiran ta cika ya sayo kwano a Jibiya ko Katsina, ya wayi gari da takardu masu hoto. Shekarar ta zo da fari, shi ya sa har yau tsofaffinmu ke kiran yunwar 1984 da «El Buhari». Shekara goma bayan nan, ranar 12 ga Janairu 1994, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa guda da ke sefa 50 ya koma 100. Wanda ke aiki a Faransa ya ga kuɗinsa sun ninka a dare ɗaya. Wanda ke dako a Abijan, sefarsa na hannunsa ba ta ragu ba, amma ƙarfe da kwano da duk abin da ake shigowa da shi sun yi tsalle. Ƴan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya rufe gidansa a shekarar, ɗaya ya bar bango a buɗe damina ta ci. Na Libiya a 2011 kuwa ba sai na faɗa muku ba, kowa a cikinmu ya san wani da ya komo ta Dirku da kayan jikinsa kawai.

Duk da haka ƴan Tawa sun daɗe suna son Abijan, kuma dalili ɗaya shi ne kuɗin iri ɗaya ne. Tsakanin ƙasashen UEMOA sefa na yawo ba canji, ba izini. Fitar da ita waje ne ke da sharaɗi: a da, dokar 2010 ta ce in abin ya wuce jikka 500 sai an nuna takardar dalili. Kafin kamfanonin aika kuɗi irin su BNIF Afuwa, Al Izza, Nita da Amana su cika ko'ina, hanyar ita ce ta ƴan kasuwa. Ka ba alhaji kuɗi a Abijan ko Sabha, ƙanensa ya biya tsohonka a kasuwar garinku, shi kuma alhaji ya sayi kaya da naka. Ba takarda, ba hukuma, amana kawai. Hanyar nan ba ta mutu ba. Da CEDEAO da UEMOA suka sa wa Nijar takunkumi a ƙarshen Yuli 2023, har zuwa Fabrairu 2024, mutane da yawa ita suka koma wa.

To yau me doka ta ce a rubuce? Abin da ƙasashen Turawa ke tambaya guda ne: kuɗin nan, naka ne ka matsar, ko kyauta ka yi? In filin da sunanka yake, ka ɗauki kuɗinka da ka riga ka biya wa harajin albashi ka mai da su bango, ba kyauta ba ne. Sai dai ranar da ka sa ƴan haya, Amurka da Faransa duk suna son mazauninsu ya bayyana kuɗin hayar, ko da gidan a Zinder yake. In kuwa da sunan wani aka yi takardar, kyauta ce. A Amurka, a 2025, kana iya ba mutum guda dala 19,000 a shekara ba ka cika takarda ba. In ka wuce sai ka sanar, ko da yake ba ka biyan ko sisi sai kyautar rayuwarka ta haura miliyoyin daloli. Faransa ta fi tsanani, kuma nan ne al'adarmu ke karo da dokarsu. Tsakanin ɗa da mahaifi, Yuro 100,000 ba haraji, duk shekara 15, wato sefa sama da miliyan 65. Tsakanin wa da ƙane kuwa Yuro 15,932 ne kacal, miliyan 10 da ɗan wani abu, abin da ya hau kai a caje shi kashi 35, ya ƙara hawa kashi 45. Mu kuma wa muke ba amanar fili? Ƙanen da ke gida, mai ƙarfin zirga-zirga tsakanin meri da magina. A wurinmu shi ne mafi kusa, a littafin harajin Faransa ya yi nisa. Ga shi kuma yarjejeniyar 1965 da ke hana a caji mutum sau biyu tsakanin Nijar da Faransa, Nijar da Mali sun sanar da fita daga irinta a Disamba 2023.

Amma ku zo mu duba gida, don a nan ne nake ganin muna kuskuren lissafi. Tsohon da ya je karɓar kuɗin ɗansa, ba wanda ke tare shi a ƙofa ya ce kawo lanho. Kamfani ya riga ya cire ladansa wajen mai aikawa, kuma aikawa zuwa Afirka kudu da Sahara ita ce mafi tsada a duniya, kusan kashi 8 cikin 100 a lissafin Bankin Duniya, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya na son a sauko ƙasa da 3 kafin 2030. Bayan nan sai kasuwa. TVA a Nijar kashi 19 ne. Duk kayan da ka saya jikka 119 a shagon da ke biyan haraji, jikka 19 na baitulmali ne, ban da abin da duwan ta karɓa a kan ƙarfe da fenti da tayil tun a bakin iyaka. Ga kuɗin takardar sayen fili, ga rajista, ga awo. A 2018 dokar kasafin kuɗi ta zo da harajin mazauni, aka yi ta zanga-zanga, aka kama su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika a watan Maris. In ka tara wannan duka, kashi 1 na Trump ɗan ƙaramin yaro ne. Hujja ma ita ce abin da ya faru a Oktoba 2024: bayan ambaliyar da ta rushe dubban gidajen laka, hukuma ta sassauta haraji a kan siminti, farashin ya faɗo, gine-ginen da suka daɗe a tsaye suka motsa a unguwanni.

Abin da ya fi ɓata mini rai da dokar Amurkan ba yawanta ba ne, wanda ta zaɓa ne. Likita ko injiniya mai asusun banki ya latsa waya, ba ya biyan komai. Mai wankin mota da mai gadin shago da ba su da takardun buɗe asusu, su ke zuwa da tsabar kuɗi, su za su biya. Haka lanho yake a da: kai ake ƙirgawa, ba a duba abin da ke cikin rumbu.

Akwai kuma wani yanka da ba gwamnati ke yi ba. Wani ɗan uwan mahaifiyata ya shekara tara a Kodibuwa yana aiko kuɗi, aka tayar da ɗaki huɗu da shago a filin gado. Da tsohonsu ya rasu aka zo rabo, malamai suka tambayi takarda. Babu. Filin na marigayi ne, abin da ke kansa ya bi shi, aka raba tsakanin magada goma sha ɗaya, shi ya tashi da ɗaki guda. Tun 1993 dokar karkara ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda yanzu ke iya rubuta shaidar kyauta ko ta saye tun daga matakin ƙauye, kuma tun 2006 akwai takardar mallaka mai sauƙi da gwamnati da kanta ta sa wa suna Sheda. Na tambaye shi me ya hana shi yi tun tsohon na da rai. Ya ce: «Ɗana, in dubi idon baba in ce ya sa mini hannu a takarda? Ai kamar na ce mashi ya kusa mutuwa ne.» Yanzu ya koma Abijan, ya sayi wani fili a bayan gari, kuma wannan karon takardar ya fara biya kafin yashi.