Yis a abincin shanun tatsa: aikinsa a cikin tumbi da iyakar amfaninsa

Yis ɗin da ake haɗawa a abincin shanu jinsi ɗaya ne da wanda masu burodi da fanke ke kwaɓa fulawa da shi; a kimiyyance ana kiran sa Saccharomyces cerevisiae. Bambancin shi ne na dabbobi iri ne da aka zaɓa musamman saboda aikinsa a cikin tumbi. Nau'i biyu ake sayarwa: yis mai rai, irin su Levucell da Actisaf, da busasshen garin da aka raini yis a cikinsa, irin na Diamond V. Kasuwarsa ta ƙara buɗewa bayan Tarayyar Turai ta haramta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma, daga farkon 2006.

Cikin saniya sashe huɗu ne, mafi girmansu tumbi. Ba saniyar da kanta ke narkar da ciyawa ba, ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, akasarinsu bakteriya, biliyoyi a kowane cokali na ruwan tumbi. Su ke warware karan dawa da harawa su mayar da su sinadaran da jiki ke samun ƙarfi daga gare su, hantsa kuma ta yi madara da maiƙo. Ba sa son iskar oksijin, ba sa son tsami. A ma'aunin pH sun fi sakewa tsakanin 6 da 7, kuma yawun da saniya ke haɗiyewa lokacin tuƙa shi ke riƙe ma'aunin a wurin.

Matsala tana tasowa idan aka cika wa saniya dusa da hatsi, aka rage mata ciyawa. Sitaci yana ruɓewa da sauri, tsami ya taru, tuƙa ta ragu, yawu ya yi ƙaranci. Da ma'aunin ya daɗe a ƙasa da 5.8, bakteriyar da ke narkar da ciyawa sai su raunana. Mai kiwo zai ga saniya ta ci yau ta ƙi ci gobe, kashinta ya yi ruwa-ruwa da kumfa, man da ake samu wajen kaɗa nono ya ragu, wani lokaci har da ɗingishi saboda ciwon kofato.

A nan ne yis ke taimakawa. Yana shanye ɗan oksijin da ke shiga tumbi tare da abinci da ruwa. Yana rige-rigen sukari da Streptococcus bovis, mai haifar da tsamin laktik, yana kuma ƙarfafa Megasphaera elsdenii da ke cinye wannan tsamin. Amma ba ya zama ya hayayyafa a tumbi, don haka kullum ake ba da shi, 'yan giram kaɗan a cikin dusa. Nazarce-nazarcen da aka tattara a Turai da Amurka sun nuna ƙarin da ya kai kimanin lita ɗaya a rana, a shanun da dama suke ba da lita 25 zuwa 40. Wasu gwaje-gwajen ba su ga wani canji ba.

Wannan adadi ne ya kamata mai kiwo a Matazu ko Musawa ya auna da halin garkensa. Bunaji da Rahaji da ke yawon kiwo, abin da ake tatsa daga gare su bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, kuma a watannin Maris da Afrilu ba tsami ke damun tumbinsu ba, yunwa ce. Busasshen kara ba shi da isasshen furotin da halittun tumbi za su rayu a kai. Abin da irin wannan saniya ke buƙata da farko yana nan a yankin: angurya da ƙulinta daga ƙasar auduga ta Funtuwa da Malumfashi, harawar wake da ta gyaɗa, kowa, gishiri da kanwa, sai ruwa mai yawa. Kuɗin da za a kashe kan yis kafin a cike wannan giɓi kusan asara ne.

Lissafin yana sauyawa ga wanda ya ɗaure shanu a turke a gida, abin da satar shanu a kudancin Katsina ta ƙara tura mutane gare shi, musamman idan barbarar Bunaji da Friesian ce, irin wadda cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kai. Irin waɗannan shanu suna cin dusar masara da yawa, kuma su ne tsamin tumbi ya fi kamawa, galibi a makonnin farko bayan haihuwa da lokacin tsananin zafi. Ko a nan ma, gyaran farko shi ne raba dusa kashi biyu ko uku a rana, a fara ba da harawa kafin ta, a kuma sauya abinci sannu a hankali cikin mako biyu.

Zafi da laima suna kashe yis mai rai, saboda haka buhun da ya sha rana a kasuwa na iya zama gari kawai. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a ajiye shi a rufe cikin inuwa, kada a jiƙa shi da ruwan zafi. Saniyar da cikinta ya kumbura ko ta kwanta bayan ta afka wa buhun hatsi kuwa, likitan dabbobi take buƙata a ranar.