Abuja: Garin Da Aka Zana Ba A Tambayi Masu Gida Ba

Mai karatu, in ka taɓa shiga Abuja ka ji kwandasta yana kiran Wuse, Garki, Jabi, Utako ko Maitama, to ka sani waɗannan sunaye sun girmi birnin. Sunayen ƙauyuka ne masu sarakunansu da gonakinsu na doya da dawa da makabartun kakanninsu. Har yau sunayen suna nan a allunan titi, amma masu sunayen da yawansu an kwashe su, waɗanda suka rage kuma shekara da shekaru suna zaman jiran tsammani.

Abin ya faro ne a watan Agustan 1975, lokacin da Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Legas ta cushe, ga ruwa ya tsare ta, ga shi kuma ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ana neman wurin da kowa zai ce nasa ne. A cikin 'yan watanni kwamiti ya gama aiki. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Murtala ya sanar da ƙasa cewa za a gina sabon birni a tsakiyar Nijeriya, aka yanko ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, dokar soja mai lamba 6 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ita baki ɗaya. Kwana goma bayan haka aka kashe shi, Allah ya jiƙansa.

Babbar hujjar da aka kafa wajen zaɓen wurin ita ce ba ya hannun ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. Wannan gaskiya ne. Sai dai daga "ba na Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo ba ne" aka zarce zuwa "ba na kowa ba ne", kuma a nan gizo yake saƙar. Akwai Gbagyi a wurin, akwai Gwandara da Koro da Gade da Bassa da Ganagana da Igbira. A cikin 'yan kwamitin Aguda babu ɗan ƙasar ko ɗaya. Mu kanmu Hausawa kada mu yi saurin wanke hannu, domin mutanen da muke kira Gwarawa mun daɗe muna mayar da su abin barkwanci, har wanda bai iya magana ba mu ce yana gwaranci. Wanda aka saba yi wa dariya a kasuwa, da wuya a tuna da shi ranar shawara. Ko sunan ma aro aka yi: Abuja ta asali ita ce garin da Abu Ja, na zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe, ya kafa wajen 1828. Aka karɓi sunan aka ba sabon birni, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Niyyar farko mai sauƙi ce a takarda: a kwashe kowa da kowa daga yankin, a biya su diyya, a sake musu matsuguni a jihohin da ke maƙwabtaka. An yi lissafin mutanen ba za su wuce 25,000 zuwa 50,000 ba. Da aka tura masana daga Jami'ar Ibadan a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje a 1977 suka bi daji suka ƙirga, sai aka tarar da ƙauyuka fiye da 800 da mutane sama da 100,000. Wato an riga an yi doka, an ja layi a taswira, sannan aka je ganin su wa ke ciki.

Binciken nan ya gano wani abu da nake ganin ya kamata kowa ya riƙe. Yankin cike yake da ƙudan tsando, rafukansa kuma akwai ƙudan da ke kawo makanta. Noman da mutanen suke yi, suna sare daji suna share kurmi, shi ne ya rage wa ƙudan ƙarfi. In aka kwashe su duka daji zai rufe, ƙuda ya dawo, ma'aikatan da za a kawo daga Legas su shiga uku. Ga kuma kuɗin diyya da ya fi ƙarfin aljihun gwamnati. Don haka a watan Yulin 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya magana: waɗanda birnin zai hau kansu kai tsaye su kaɗai za a tayar, sauran su zauna. Ka ga abin da ya bar su a ƙasar kakanninsu, ƙuda da ƙarancin kuɗi. Babu wanda ya tara su ya ce me kuke so.

A 1979 wani kamfanin Amurka mai suna International Planning Associates ya miƙa babban tsarin birnin, an shirya shi zango huɗu, zai ɗauki mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, daga ƙarshe ya haura miliyan 3. Tsakiyar birnin kuma aka ba Kenzo Tange, mutumin Japan, ya zana. Tsari ne mai kyau, ba na musu, duk wanda ya san cunkoson Legas ya ga titunan Abuja zai yaba. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja, wasu aka kai su Sabon Karu da Sabon Nyanya a ƙasar da yanzu take jihar Nasarawa, na Maitama aka nufi Kubwa da su. Manomi aka ba ɗaki, gonar da yake ci da ita kuwa ta zama unguwar jakadu.

Bayan Janar Babangida ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamban 1991, sai a 1992 aka sake sauya manufa, aka ce yanzu ba za a tayar da ƙauyuka ba, za a haɗe su da birni, aka fara gwaji da ƙauyen Garki. A 1999 aka soke wannan, aka koma batun kwashewa. Aka gina gidaje a Jibi don mutanen Jabi da Kado da Gwarinpa, da aka gama sai jami'an tsaro suka shige suka zauna. Daga baya aka sake ware Apo da Galuwyi-Shere da Wasa. Ka lissafa da kanka: a fita duka, a zauna, a haɗe, a fita. Yaron da aka haifa a Garki a 1976 ya yi furfura yana jin ana cewa kada ya gina ɗakin bulo domin za a tashe su.

Akwai kuma wasu mutanen da tsarin ya manta da su, kuma a nan ne abin ya taɓa namu. Birni ba ya gina kansa. Birkiloli da lebura da 'yan ga-ruwa da masu gadi da masu shayi da 'yan acaɓa, da yawansu daga Kano da Katsina da Sakkwato, sun kwararo, ba su da kuɗin haya a Wuse ko Asokoro. Suka sayi filaye a hannun masu unguwannin ƙauyuka, takardar da gwamnati ba ta san da ita ba, domin a wajenta ƙasar tata ce tun 1976. Haka Idu-Karmo da Mpape da ire-irensu suka cika. Da Malam Nasiru el-Rufa'i ya zama ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007 ya ce zai dawo da birnin kan tsarinsa na asali, katafila ta shiga aiki. Wani rahoton ƙungiyoyin kare haƙƙin muhalli da ya fito a 2008 ya ƙiyasta waɗanda aka tayar a wannan tsakanin sun kai 800,000. Masu goyon bayansa sun ce doka ya bi, kuma da gaske an gina gidaje a kan hanyoyin ruwa da bututu. Tambayar da nake yi ita ce, wace doka, wa ya zauna aka yi ta? Takardar 1979 aka ɗauko aka auna mutanen 2005 da ita.

Abin da ya sa kukan bai cika kai wa inda ya kamata ba, Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Shugaban ƙasa ke naɗa ministanta, Majalisar Tarayya ke yi mata doka, a can kuma sanata ɗaya gare ta da 'yan majalisar wakilai biyu. Ƙananan hukumomi shida ne kawai 'yan ƙasa ke zaɓa, su kuwa ba su da iko da rabon fili. Sai da aka je kotu, a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa 'yan asalin yankin suna da haƙƙin kujerar minista kamar kowace jiha. Ba a cika ba sai a 2023, shekara 47 bayan jawabin Murtala, da Shugaba Tinubu ya naɗa Zephaniah Jisalo. Ma'aikatar ayyuka na musamman aka ba shi. Kujerar ministan Abuja, mai sa hannu a takardun filaye, aka ba Nyesom Wike daga jihar Ribas.