Yadda ake gane farashin gaskiya na tsoffin silalla a gwanjo

A watan Yunin 2021 gidan gwanjo na Sotheby's da ke New York ya sayar da wani tsabar zinariya na Amurka, wanda ake kira Double Eagle na 1933, a kan kusan dala miliyan 18.9. Dala 20 aka rubuta a jikinsa, zinariyar da ke cikinsa kuma ba ta wuce giram 30 da ɗoriya ba. Abin da ya kai shi wannan matsayi shi ne, an buga guda 445,500 amma gwamnati ta hana fitar da su, aka narkar da kusan dukansu, kuma wannan ɗaya ne kaɗai doka ta yarda wani mutum ya mallaka.

Irin wannan labari ne kan sa mutum ya tsinci tsohon kwabo a adakar kakarsa ya ɗauka arziki ya sauka. A wajen masana, tsufa shi ne mafi ƙarancin abin da ke ɗaga daraja. Dalar azurfa ta Mariya Tariza, wadda ta yi yawo a kasuwannin Barno da Kano a ƙarni na 19, misali ce mai kyau. Tana ɗauke da shekarar 1780, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zuwa zamaninmu, ɗaruruwan miliyoyi. Yawancinsu ba su fi kuɗin azurfar jikinsu da wani abin kirki ba. Haka ma anini da kwabo masu huda na Afirka ta Yamma na 1936, masu sunan Sarki Edward na Takwas wanda ya sauka daga gadon Ingila a wannan shekarar: sunan yana jan ido, amma an buga su da yawa, don haka ba su da tsada.

Matakin farko shi ne lissafin ƙarfen. Fam ɗin zinariya na Ingila nauyinsa giram 7.98 ne, tsantsar zinariyarsa giram 7.32. Mai saye ya duba farashin zinariya na ranar, ya fitar da kuɗin wannan nauyi. Duk abin da aka ɗora a kai kuɗin ƙaranci ne da kyawun jiki, kuma a nan ne ake cin kasuwa ko a ci mutum.

Ƙaranci yakan ɓuya a ƙaramin harafi. A silallan Afirka ta Yamma, harafin H yana nuna an buga su a masana'antar Heaton, KN kuma a King's Norton, duka a Birmingham, kuma adadin da kowace ta buga a shekara ba ɗaya ba ne. Wani lokaci rubutu ne ke kawo bambancin. Dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, mai rubutun da ke danganta zinariyarsa da ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, an sayar da shi a Landan a 2019 a kan fam miliyan 3.72, alhali dinaran wannan zamani marasa rubutun ba sa kusantar wannan kuɗi.

Kyawun jiki kuwa yana da ma'auni. William Sheldon ya fito da shi a 1949, daga lamba 1 zuwa 70, inda 60 zuwa sama ke nufin tsabar bai taɓa yawo a hannun jama'a ba. Kamfanoni irin su PCGS da NGC suna tantance tsaba, su ba shi lamba, su rufe shi a kwanson roba mai lambar rajista da za a iya bincika a intanet. Tazarar maki ɗaya a saman ma'aunin tana iya ninka farashi. Wanda ya goge tsohon tsaba da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli ya yi masa illar da ba ta gyaruwa, domin masana suna gane shi nan take, su rage masa daraja ƙwarai.

Bayan wannan sai a nemi abin da aka biya a baya. Kuɗin da mai kaya ya yanka ba hujja ba ne, haka ma hasashen da gidan gwanjo ke bugawa a kundinsa, wanda wani lokaci akan sassauta shi don a jawo masu tayi. Hujja ita ce farashin da aka sallama irin wannan tsaba, mai shekara ɗaya da harafi ɗaya da maki ɗaya, a gwanjo da dama na baya-bayan nan. Manyan gidajen gwanjo suna ajiye waɗannan sakamako a shafukansu. Ciniki ɗaya tak ba ya kafa farashi, domin masu kuɗi biyu da suka yi jayayya a rana guda suna iya kai kaya inda ba zai sake kaiwa ba.

Sannan kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne abin da za a biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye la'ada, sau da yawa wajen kashi 20 cikin ɗari ko fiye. Tayin dala 1,000 ya zama 1,200 ke nan, kafin kuɗin aike da inshora da na kwastan, ga kuma canjin naira ga mai saye daga Najeriya. Saboda haka ƙwararru sukan tsayar da iyakar abin da za su kashe tun kafin a fara, su cire waɗannan kuɗaɗe, abin da ya rage shi ne tayinsu na ƙarshe.

A karanta sharuɗɗan gwanjon, musamman ko gidan yana karɓar kaya ya mayar da kuɗi idan aka tabbatar jabu ne. Tsaba mai tsada kuma a nemi tarihin hannayen da ya bi, domin ƙasashe kamar Masar da Turkiyya da Girka suna da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi, kuma akan ƙwace abin da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba ko da mai shi ya saya ne da zuciya ɗaya.