Keken doki a Kuba, kuɗin Napep a Kafanchan

Jiya mai Napep ya faɗa min kuɗin zuwa makaranta, sai Kuba ta faɗo min a rai. A ƙarni na 19 attajiran Havana keken doki suke hawa, volanta ko quitrín, masu manyan ƙafafu biyu. Direban yawanci bawa ne ɗan asalin Afirka, kuma a bayan dokin yake zama, ba cikin keken ba. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 fetur ya yi wuya, keken doki ya dawo na talaka. Har yau ana haya da shi a Bayamo.

Mu fa tun cire tallafi a 2023 sai ƙafa. Wallahi ko amalanke aka kawo zan hau, in dai ba zan makara lacca ba.