Durƙusawa lokacin taken ƙasa: Tarihin boren 'yan wasan Amurka kan wariyar launin fata

Kafin a fara kusan kowane babban wasa a Amurka akan rera taken ƙasa, jama'a su miƙe tsaye suna fuskantar tuta, wasu su ɗora hannu a ƙirji. Wannan ɗan lokaci, wanda ba ya cika wuce minti biyu, shi ne wasu 'yan wasa, akasarinsu baƙaƙen fata, suka zaɓa domin nuna rashin amincewa da yadda ake mu'amala da baƙar fata a ƙasar. Wasu sun ɗaga dunƙulallen hannu, wasu sun zauna, wasu kuma sun durƙusa da gwiwa ɗaya.

Dokar Amurka ba ta haramta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hukuncin da 'yan wasan suka sha ya fito ne daga hukumomin wasanni da masu ƙungiyoyi, wato mutanen da abincinsu ke hannunsu.

Yadda taken ya shiga filin wasa

Wani lauya mai suna Francis Scott Key ne ya rubuta waƙar da ake kira The Star-Spangled Banner a 1814, bayan ya ga luguden wutar da jiragen ruwan Birtaniya suka yi wa sansanin McHenry da ke Baltimore. Key ya mallaki bayi, kuma baiti na uku na waƙar, wanda ba a cika rerawa ba, ya ambaci bawa, abin da har yau masana tarihi ke muhawara kan manufarsa. Sai a 1931 majalisar dokokin ƙasar ta mayar da waƙar taken ƙasa a hukumance.

An rera ta a wasannin ƙarshe na gasar ƙwallon besbol ta 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan al'adar ta kankama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun daga nan taken da tuta da sojoji suka zama tamkar abu guda a filayen wasa. A 2015 sanatoci biyu, John McCain da Jeff Flake, sun fitar da rahoton da ya nuna cewa Ma'aikatar Tsaro ta biya ƙungiyoyin wasanni dala miliyan 6.8 domin shirya bukukuwan nuna kishin ƙasa da karrama sojoji. Wannan ne ya sa duk wanda ya ƙi miƙewa, wasu ke ɗaukarsa a matsayin wanda ya ci mutuncin soja.

Hannu biyu a birnin Meziko

A ranar 16 ga Oktoba, 1968, wata shida bayan kisan Martin Luther King, Tommie Smith ya lashe tseren mita 200 a gasar Olamfik ta birnin Meziko cikin daƙiƙa 19.83, lokacin da babu wanda ya taɓa kaiwa a duniya. Peter Norman na Ostareliya ya zo na biyu, John Carlos na Amurka ya zo na uku.

Smith da Carlos sun hau dandamalin karɓar lambobi da baƙar safa ba takalmi, alamar talaucin da baƙaƙen fata ke ciki. Da aka fara taken Amurka sai suka sunkuyar da kai, kowa ya ɗaga hannu ɗaya sanye da baƙar safar hannu. Norman, wanda farar fata ne, ya maƙala bajen ƙungiyarsu ta kare haƙƙin ɗan Adam a ƙirjinsa. Cikin buƙatun wannan ƙungiya, wadda Harry Edwards ya jagoranta, akwai hana Afirka ta Kudu da Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, shiga gasar saboda mulkin wariya, da mayar wa Muhammad Ali kambun damben da aka ƙwace masa.

Kwamitin Olamfik na Duniya, ƙarƙashin Avery Brundage, ya matsa lamba har aka dakatar da mutanen biyu daga tawagar Amurka, aka kuma kore su daga masaukin 'yan wasa. Ba a karɓe lambobinsu ba, amma sun koma gida suka tarar da barazanar kisa da wahalar samun aiki. Da Norman ya rasu a 2006, Smith da Carlos na cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa.

Shekara huɗu bayan haka, a gasar Munich ta 1972, an haramta wa Vince Matthews da Wayne Collett shiga Olamfik saboda sun ƙi tsayawa ƙyam a kan dandamali bayan tseren mita 400.

Mahmoud Abdul-Rauf

A kakar 1995 zuwa 1996, ɗan wasan ƙwallon kwando na Denver Nuggets, Mahmoud Abdul-Rauf, ya daina miƙewa lokacin taken. An haife shi da sunan Chris Jackson a jihar Mississippi, ya musulunta a 1991. Da 'yan jarida suka tambaye shi dalili, ya ce tutar alama ce ta zalunci, kuma miƙe mata ya saɓa wa imaninsa.

A watan Maris na 1996 hukumar NBA ta dakatar da shi. Wasa ɗaya ya rasa, da albashinsa na wannan wasa, sama da dala dubu 31, kafin aka daidaita cewa zai riƙa miƙewa amma ya ɗaga hannuwa yana addu'a. Duk da cewa shi ne ya fi kowa zura ƙwallo a ƙungiyar a kakar, an sauya masa sheƙa zuwa Sacramento Kings bayan 'yan watanni, kuma zuwa 1998 ya koma buga wasa a ƙasashen waje. A 2001 gidansa da ke Mississippi ya ƙone.

Kaepernick da asalin durƙusawa

Colin Kaepernick shi ne mai jagorantar kai hari a ƙungiyar San Francisco 49ers da ke gasar NFL ta zari-rugar Amurka, kuma shi ya kai ta wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairun 2013. A watan Yulin 2016 'yan sanda suka harbe Alton Sterling a Louisiana, washegari kuma Philando Castile a Minnesota, dukansu baƙaƙen fata, kuma hotunan bidiyon lamuran biyu suka bazu a intanet.

A ranar 26 ga Agusta aka lura Kaepernick na zaune a benci ana taken ƙasa, kafin wasa da Green Bay Packers. Ya shaida wa manema labarai cewa ba zai miƙe ya nuna alfahari da tutar ƙasar da ke danne baƙaƙen fata ba.

Durƙusawar ta samo asali ne daga shawarar wani tsohon sojan kundumbala, Nate Boyer, wanda ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa, daga bisani suka gana. Boyer ya bayyana masa cewa sojoji kan durƙusa a gaban kabarin abokin aikinsu domin girmamawa, saboda haka durƙusawa ta fi zama nuna ladabi. A ranar 1 ga Satumba, a San Diego, Kaepernick da abokin wasansa Eric Reid suka durƙusa, Boyer na tsaye kusa da su. Kwana uku bayan haka 'yar ƙwallon ƙafa Megan Rapinoe, wadda farar fata ce, ta bi sahu.

Kaepernick ya buga wasansa na ƙarshe ranar 1 ga Janairu, 2017, yana da shekara 29. Ya fita daga kwantiraginsa a watan Maris, kuma babu ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 32 na gasar da ta ɗauke shi. Wasu masu sharhi sun ce ƙwazonsa ne ya ragu, wasu kuma suka nuna cewa an ɗauki 'yan wasan da ba su kama ƙafarsa ba. A watan Oktoba ya shigar da ƙorafin cewa masu ƙungiyoyi sun haɗa baki domin hana shi aiki. An sasanta a watan Fabrairun 2019 bisa sharaɗin ba za a bayyana abin da yarjejeniyar ta ƙunsa ba.

Shigowar Fadar White House

A ranar 22 ga Satumba, 2017, Shugaba Donald Trump ya yi jawabi a Huntsville ta jihar Alabama, inda ya yi amfani da kalmar zagi ya kuma nemi masu ƙungiyoyi su kori duk ɗan wasan da ya durƙusa. A wasannin ƙarshen wannan mako sama da 'yan wasa 200 suka durƙusa ko suka zauna. A ranar 8 ga Oktoba, Mataimakin Shugaban Ƙasa Mike Pence ya fice daga filin wasa a Indianapolis bayan wasu 'yan 49ers sun durƙusa.

A watan Mayun 2018 masu ƙungiyoyi suka kafa ƙa'idar cewa ɗan wasa ko dai ya miƙe ko ya zauna a ɗakin sauya tufafi, in ba haka ba a ci tarar ƙungiyarsa. Ƙungiyar 'yan wasa ta ƙalubalanci matakin, aka jingine shi bayan wata biyu. A watan Satumban shekarar, kamfanin Nike ya sa fuskar Kaepernick a tallarsa, wasu suka riƙa ƙona takalman kamfanin a bainar jama'a.

Matsayin doka

Gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. A 1943 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ba za a tilasta wa ɗalibin makarantar gwamnati sara wa tuta ba, a 1989 kuma ta ce ko ƙona tutar a lokacin zanga-zanga yana cikin wannan 'yanci. Dokar da ta fayyace yadda ya kamata a tsaya lokacin taken ba ta tanadi wani hukunci ba.

Sai dai wannan kariya gwamnati kawai ta ɗaure. NFL da NBA da ƙungiyoyinsu kamfanoni ne masu zaman kansu, kuma abin da ke tsakaninsu da ɗan wasa kwantiragi ne da yarjejeniyar da suka ƙulla da ƙungiyar ƙwadago. Ƙungiya na iya ƙin ɗaukar mutum ba tare da ta faɗi dalili ba, kuma tabbatar da haɗin baki a gaban mai sasantawa abu ne mai wuya. A fagen Olamfik kuwa, Ƙa'ida ta 50 ce ta hana duk wata alamar siyasa. An sassauta ta a 2021 kafin gasar Tokyo, amma haramcin yin haka a kan dandamalin lambobi yana nan.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu suka na cewa lokacin taken na haɗa kan al'umma ne da tunawa da sojojin da suka rasa rayukansu, kuma ɗan kallon da ya sayi tikiti wasa ya je gani. Suna ƙara da cewa ma'aikaci ba ya yin siyasa a bakin aiki.

Masu goyon baya na amsa cewa boren bai tare hanya ba, bai fasa shago ba, bai jinkirta wasa ko da minti ɗaya ba. A ganinsu, lokacin da ƙasa ke alfahari da ɗan wasa shi ne ya fi dacewa ya tuna mata alƙawarin daidaito da ta ɗauka, kuma filin da aka cika da tutoci da faretin soja tuni siyasa ta shige shi.

George Floyd da gasar Firimiya

A ranar 25 ga Mayu, 2020, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti tara a Minneapolis har ya mutu. Bayan kwana 11 shugaban NFL, Roger Goodell, ya fito ya ce hukumar ta yi kuskure da ba ta saurari 'yan wasa ba tun farko, amma bai ambaci sunan Kaepernick ba. Hukumar ta yi alƙawarin kashe dala miliyan 250 cikin shekara goma wajen yaƙi da wariya. Hukumar ƙwallon ƙafar Amurka ta soke ƙa'idar tilasta miƙewa da ta kafa a 2017, NBA kuma ta ƙyale 'yan wasa suka durƙusa da aka dawo wasanni a watan Yuli.

Masu bibiyar gasar Firimiya a Najeriya sun fara ganin alamar ne ranar 17 ga Yuni, 2020, a wasan Aston Villa da Sheffield United. A Ingila ba a rera taken ƙasa a wasannin lig, don haka durƙusawar ta zo ne bayan busa usur na farko. Duk da haka magoya bayan Millwall sun yi wa 'yan wasa ihu a watan Disamba. A 2021 Wilfried Zaha ya daina durƙusawa, yana mai cewa ta zama al'ada kawai alhali cin zarafi bai tsaya ba. A watan Yulin shekarar, Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, suka sha zagin wariya a shafukan sada zumunta bayan sun ɓarar da bugun fenariti a wasan ƙarshe na gasar Turai. A watan Agustan 2022 kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyin Firimiya suka taƙaita durƙusawar ga wasu zaɓaɓɓun wasanni.

Abin da ya sauya da wanda bai sauya ba

Waɗanda aka hukunta sun samu karramawa daga baya. Jami'ar San Jose ta kafa mutum-mutumin Smith da Carlos a 2005, majalisar dokokin Ostareliya ta nemi afuwar Norman a 2012, shekara shida bayan rasuwarsa, sannan a 2019 aka shigar da Smith da Carlos zauren gwarazan Olamfik na Amurka. Ƙungiyar Amnesty International ta bai wa Kaepernick babbar lambarta a 2018. An samu Chauvin da laifin kisa a watan Afrilun 2021, aka yanke masa ɗaurin shekara 22 da rabi.

Ƙorafin da ya haifar da boren kuwa yana nan. Ƙididdigar da jaridar Washington Post ta fara tattarawa a 2015 ta nuna 'yan sanda na harbe kimanin mutum dubu ɗaya a kowace shekara, kuma adadin bai sauka ba bayan 2020. Baƙaƙen fata kimanin kashi 13 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar, amma gwargwadon yawansu, ana kashe su fiye da ninki biyu na fararen fata. Ƙudurin gyaran aikin 'yan sanda mai ɗauke da sunan George Floyd ya tsallake Majalisar Wakilai a watan Maris na 2021, ya maƙale a Majalisar Dattawa. Kaepernick kuma bai sake buga wasa ko ɗaya a NFL ba tun daga ranar 1 ga Janairu, 2017.